Ƙarar Bindigar Sallah Amana Ce a Hannunmu

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu na Angwan Iya, Keffi



Dukanmu mun tashi muna jin ƙarar bindigar toka ranar Sallah. Da an ji ta, har tsohuwar da ke cikin ɗaki ta san Sarki ya hau. Gaisuwa ce da sanarwa, albarushi kawai ake ɗurawa, ba a sa harsashi.

Garin nan kuwa ya san bindiga tun tana ta yaƙi. A 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a nan Keffi, ya nufi Kano wurin Sarki Alu. Wannan na cikin hujjojin da Turawa suka kafa suka ci Kano a 1903. To, alhamdu lillahi, yau tamu ta murna ce.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan al'ada ba. A tsibirin Malta, a birnin Valletta, akwai tsohon dandalin igwa da ke kallon tashar jiragen ruwa. A da, in baƙo mai daraja ya iso, igwa ake bugawa a gaishe shi, kuma da bugun tsakar rana matuƙa jirage ke daidaita agogonsu. Wurin ya lalace, sai wata ƙungiyar adana tarihi ta gyara shi a 2004, aka koma bugawa da tsakar rana, mutanen da aka horar su ne ke yi.

Mu fa? Dattawan da suka san awon albarushi suna ƙarewa. Yaro ya ari bindiga mai tsatsa, ya cika ta don tasa ta fi ta kowa ƙara, ta fashe masa a hannu. Ranar da aka yi asarar rai, hukuma hanawa za ta yi, kuma ba mu da bakin magana.

Saboda haka muna ba da shawara uku. A rubuta sunayen 'yan bindigar unguwa ƙarƙashin shugaba guda, da sanin fada da 'yan sanda. A kai kowace bindiga wurin maƙeri ya duba kafin Sallah. Sannan dattawa su koya wa matasa awo, da ɗaga baki sama, nesa da jama'a da dawaki. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da Keffi lafiya. Wassalam.