Kwarjini: Abin da Ya Raba Shi da Tsoro da Mamaki

  

Kalma ɗaya aka ba ni in yi magana a kanta yau, ita ce kwarjini. Kowa a nan ya san ta, sai dai yaranmu sun fara musanya ta da tsoro, wasu kuma da mamaki. To, ukun nan maƙwabta ne, amma kowa da ƙofar gidansa.

Mu fara da yadda ake ɗora su a zance. Bahaushe kan ce "na ji tsoro", ya ce "na yi mamaki". Da an zo kan kwarjini sai zancen ya juya, ya ce "ya yi mini kwarjini". Wanda ake kallo shi ya yi, mai kallo kuwa yi masa aka yi. Shi ya sa ba za ka ji dattijon kirki ya buɗe baki ya ce "ina da kwarjini" ba. Jama'a ke shaidar mutum da shi.

Sai kuma abin da kowannensu ke yi wa jiki. Tsoro kan sa a ranta a na kare. Mamaki kan sa a riƙe baki, a matso a leƙa, kuma babu dole a girmama abin da ake kallo. Ai da aka ce abin mamaki kare da tallan tsire, ba wanda ya durƙusa wa karen. Kwarjini kuwa, ka taho da magana a bakinka, kuna haɗa ido ta ɓace. Ka tuɓe takalmi, ka sassauta murya, kuma ba ka ƙosa ka tashi ba. Malamai kan kira wannan haiba. Shi alhaji ke ji ranar da ya fara ganin Ka'aba, shi ke kama mai ziyara a Hubbaren Shehu a Sakkwato.

Ku mutanen Jabo kun fi ni sanin bambancin. A daren 25 ga Disamba, 2025, da Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato, ɓaraguzan makami sun faɗo a gonakin garin nan. An firgita da dare, gari ya waye aka fita kallo ana al'ajabi. Tsoro ya zo, mamaki ya biyo baya. Amma wa zai ce ƙarfen nan ya yi masa kwarjini? Ƙarfi komai yawansa, in babu mutunci a bayansa, iyakarsa ya razana mutane.

Tarihin ƙasar nan ya nuna mana ɗaya fuskar. Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a lokacin yana da shekara talatin da 'yan kai, bai karɓi dukiyar ba. Abu biyar ya nema a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke tsare, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Ku duba fa, dawaki da mayaƙa duk na Bawa ne, Shehu ba ya riƙe da komai sai ilimi da wadatar zuci. Wanda Gobir duka ke tsoro, shi ne aka yi wa kwarjini a ranar. Da Shehu ya miƙa hannu ya karɓi kyautar, da bakinsa ya mutu.

Daga nan za mu gane inda muke tuntuɓe a yau. Wani ya je neman laƙanin kwarjini wurin boka. Wani ya ɗauka jiniya da jerin motoci su ne kwarjini. Maigida ya shigo yana muzurai, yara su watse, ya ce kwarjininsa ne. Malamin makaranta ya dogara da bulala. Har ɗan bindigar daji wasu matasa kan ce yana da kwarjini. Duk wannan tsoro ne. Gwajin mai sauƙi ne: wanda ake tsoro, da ya juya baya sai zagi, mai kwarjini kuwa, ko ba ya nan ana jin nauyin aikata abin da zai ƙi. Magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida, kuma kwarjini a ɓangaren kunya yake.

Saboda haka roƙona ga malamai da iyaye shi ne, in yaro ya kira mai razana mutane mai kwarjini, a gyara masa nan take, domin wanda yaro ya ba wannan suna shi zai yi koyi da shi. Masu riƙe da jama'a kuma, mai son kwarjini ya tsare harshensa, ya cika alkawari, ya kau da ido daga abin hannun mutane.

Allah ya sa mu dace.