Kiwon Na'urori a Ƙarshen Layi: Garken Kwamfutoci da Sa Ido a Kansu



Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Ƙaura Namoda ran da Kasuwar Daji ke ci, zai tarar da wani irin ciniki wanda babu shi shekaru ashirin da suka shige. Manomi zai sayar da buhunan gero ko na wake, dillali ya sallama sa, amma kuɗi ba su taɓa hannun kowa ba. Sai dai a nufi yaron da ke riƙe da 'yar na'urar POS, a sa kati, a jira takarda ta fito. Cikin 'yan daƙiƙun nan na jira, saƙo ya tashi daga kasuwa, ya bi turakun sadarwa, ya isa ga wasu kwamfutoci da ke jere a ɗakuna masu sanyi, galibinsu a Legas, sa'an nan ya komo. Waɗannan kwamfutoci, da yadda ake kiwonsu, su ne abin da wannan lacca ta sa gaba.

Ba da ganganci aka ce kiwo ba. Kwamfuta guda ba ta isa ta ɗauki hidimar dubban mutane, kuma ran da ta lalace kome ya tsaya, saboda haka akan haɗa da yawa su yi aiki tamkar guda. Kalmar Hausa da ta fi dacewa da wannan haɗi ita ce garke, wadda ke rarraba wa saura aiki kuwa uwar garke ke nan. Masana wannan fanni a Amurka su ma ga dabbobi suka koma da suka rasa misali. Wajen 2012 suka yayata cewa a daina ɗaukar kwamfuta kamar kyanwar gida, mai suna, wadda ake jinya in ta yi ciwo. A ɗauke ta kamar saniya cikin garke, in ta faɗi a sa wata a gurbinta. Da makiyayin Zurmi zai ji wannan misali da ya yi dariya, don shi kowace saniya ya san ta da sunanta da halinta. Amma dai an gane nufinsu.

Abin da ya sa musanyar ta yiwu shi ne kwantena. Kalmar ta daɗe da zama 'yar gida a Hausa, tun daga akwatin ƙarfen da Malcom McLean ya fara lodawa a jirgin ruwa cikin 1956 har zuwa shagunan bakin titi. A fannin kwamfuta, kwantena ƙunshi ne na manhaja tare da duk abin da take bukata, yadda ko'ina aka sauke ta za ta tashi aiki. Tsohuwar dabara ita ce a kasa kwamfuta ɗaya ta zama tamkar da yawa, kowace da cikakken tsarinta, watau kamar a ce kowane ɗan haya sai ya haƙa rijiyarsa. Kwantenoni kuwa 'yan haya ne masu ɗaki da makulli daban-daban, amma rijiyarsu guda, ita ce zuciyar tsarin Linux. Dalilin sauƙin nauyinsu ke nan. Docker ya yaɗa su a 2013, Google ya fito da Kubernetes a 2014 don rarraba su bisa garke, sa'an nan kamfanin Rancher ya fitar da K3s a 2019, wanda bai kai megabait 100 ba, har ƙaramar kwamfuta mai cin wuta kaɗan tana iya ɗaukarsa.

To, garke ba makiyayi ɓatacce ne. Aikin makiyayin shi ake kira sa ido, kuma manhajar da ta yi fice a nan ita ce Prometheus, wadda aka soma a kamfanin SoundCloud cikin 2012. Takan zagaya kowace kwamfuta, bayan daƙiƙa 15 ko minti guda, ta tambaye ta nauyin da ke kanta da wurin ajiyar da ya rage mata, ta rubuta. Grafana ta mai da lissafin zane wanda ido zai karanta, in kuwa wani abu ya haye iyakar da aka gindaya, sai a aika wa ma'aikaci gargaɗi. Amfanin wannan ya fito fili a farkon 2023, lokacin da sauyin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, jama'a suka yi ca a kan tura kuɗi ta waya, saƙonni suka riƙa maƙalewa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sai dai duk wannan tsari an gina shi ne bisa zato guda, cewa hanyar sadarwa kullum tana nan. Arewacin Zamfara ya ga ranar da zaton ya rushe. Ran 3 ga Satumba 2021 ce Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a jihar baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a datse wa 'yan bindiga hanyar samun labari. A daidai lokacin kuma aka rufe kasuwannin mako. Umarnin farko na mako biyu ne. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba.

A dubi abin da wannan ke nufi ga mai sa ido da ke zaune a Legas ko Abuja. Allonsa zai nuna masa Ƙaura da Shinkafi da Zurmi sun yi shiru, amma ba zai iya bambanta na'urar da ta mutu da wadda ke da rai an dai toshe mata baki ba. Akwai kuma wani ɗan tarko: in ba a sauya mata umarni ba, Prometheus kwana 15 kaɗai take riƙe abin da ta rubuta, ta share na baya. Wanda ya bar ta haka, ran da layi ya dawo bayan kusan wata uku zai tarar yawancin labarin ya tafi.

Tun 1929 da dogo ya iso daga Zariya ya tsaya, Ƙaura Namoda ta san ma'anar zama ƙarshen layi. Makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983, ko asibiti, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, in za ta ajiye rajistarta a kwamfuta, ya kamata ta yi shiri irin na mai zama a ƙarshen layi. Ciniki da banki kam tilas ya jira sadarwa, amma sunayen ɗalibai da katin majinyata ba dole ne su jira ba. Ƙananan kwamfutoci uku a cikin harabar sun isa garke. Uku aka ce, ba biyu ba, domin shawara a tsakaninsu da rinjaye ake yanke ta, in ɗaya ta faɗi biyun su ci gaba. Mai sa idon shi ma ya zauna nan tare da su, a tsawaita masa ajiya zuwa watanni, ya aika da labari waje in hanya ta buɗe.

Abin da za a sa wa ido ma ya sha bamban da na littattafan Turai. Nan abokan gaba su ne zafin Maris da Afrilu mai haye digiri 40, da ƙurar hunturu mai toshe fanka, da batirin hasken rana da kan sare kafin asuba. Duk ana iya auna su, a haɗa su cikin lissafin da Prometheus ke karɓa. Akwai kuma dabarar usur ɗin mai gadi: a sa garken ya riƙa aika ɗan saƙo a kai a kai yana cewa lafiya, yadda ɗaukewar saƙon ita kanta ta zama gargaɗi.

Saura tambayar wanda zai ji gargaɗin. Saƙon waya ba ya tafiya ran da aka kashe turaku, injiniya kuma yana iya kasancewa a Gusau, hanya ba ta biyuwa da dare. Wanda ke kusa da na'urorin da ƙarfe uku na dare mai gadi ne. Saboda haka a ja waya zuwa ɗakinsa, a sa fitila ja da ƙararrawa, a manna takarda a bango da Hausa, boko da ajami, mai cewa in fitila ta kama a duba batir, a tada janareta, a buɗe taga, sa'an nan a rubuta lokacin a littafi.