GARGAƊI GA MAI NIYYAR SAYEN MOTAR HANNU

Lacca ga jama'ar ƙasar Gwandu da ta Kalgo

  

Maganar da za mu yi yau ta mota ce, irin wadda wani ya riga ya hau, watau motar hannu. Malamin makarantar da ke zaune a Kalgo yana zuwa aiki Birnin Kebbi, da manomin shinkafa na fadama wanda Allah ya yi wa buɗi, da mai fataucin albasa tsakanin Gwandu da Aliero da Jega, galibi irinta su ke nema. Kuɗin da mutum zai zuba kuwa sau da yawa tarin shekara da shekaru ne, ko kuɗin shanu, ko na sallama daga aiki. In ya dace, ya huta shi da iyalinsa. In bai dace ba, motar ta zama akurkin kaji a ƙofar gida, kuɗi kuwa sun tafi ke nan. Saboda haka abu guda ni ke so kowa ya tashi da shi daga nan: abin da ka ba mai mota ranar ciniki somin-taɓi ne. Mai ƙaramin ƙarfi, motar da zai iya riƙewa ita ya kamata ya nema.

Daga Ina Motocin Nan Su Ke Zuwa?

Dattawa suna tune da lokacin da ma'aikaci kan sami sabuwar Peugeot 504 daga Kaduna, inda aka fara harhaɗa ta a 1975. Daga 1986 darajar Naira ta soma faɗuwa, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, sai aka koma ga tsofaffin da Turawa suka hau suka bari. Da yawansu daga tashar jirgin ruwa ta Antwerp ta ƙasar Beljiyam a ke loda su, shi ya sa har yanzu mu ke ce da su 'yan Beljiyam, ko da daga Amurka ko Kanada suka fito. Waɗansu a Ikko a ke sauke su, waɗansu a Kwatano ta Jamhuriyar Benin.

Ke nan motar hannu iri biyu ce a kasuwa. Akwai 'yar Beljiyam, wadda ba a hau ta a Nijeriya ba tukuna, ita ta fi tsada. Akwai kuma ta gida, wadda ta sha hanyoyinmu, ta fi sauƙin kuɗi, amma ta fi bukatar bincike. Tun da canjin dala ya tashi daga wajen Naira 460 a farkon 2023 ya haura Naira 1,500 a 2024, 'yar Beljiyam ta yi wa talaka nisa, mutane da yawa suka juya ga ta gida.

Lissafi Kafin Ciniki

Kafin mutum ya taka ƙafa wurin masu sayad da motoci a Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ko Kano, sai ya zauna ya raba kuɗinsa kashi biyar. Kashi huɗu na saye ne, kashi ɗaya kuma ya ajiye. A ce yana da Naira miliyan 5, kada ya taya motar da ta wuce miliyan 4. Miliyan guda ɗin nan shi ne na sake baƙin mai, da taya, da batir, da birki, da canjin sunan takardu, da inshora, da la'adar dillali. Da wuya a sayi motar hannu wata uku su wuce ba ta nemi wani gyara ba.

Sa'an nan ga man fetur. Ranar 29 ga Mayu 2023 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga wajen Naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Bari mu yi misali. Mutum biyu ne, kowannensu yana tafiyar kilomita 60 kullum, kwana 26 a wata. Motar ɗaya tana shan lita 5, ta ɗayan mai babban inji tana shan lita 8. Bambancinsu lita 3 a rana, watau lita 78 a wata. In mun ƙaddara lita Naira 1,000 ce, Naira 78,000 ke nan a wata, a shekara kuwa 936,000. To, kun ga dalilin da ya sa a ke karyar da manyan motoci da araha. Mai ita gudun shan manta ya ke yi, wanda ya saya kuwa ya gaji wahalar.

Har ila yau, kada kowa ya taɓa jarin nomansa. Kuɗin taki, da na iri, da na man injin ban-ruwa na noman rani, su ne za su riƙe motar gobe. Wanda ya sayad da gona ya sayi mota ya sare itacen da ya ke shan inuwarsa. In lissafi bai kai ba, babur mai lafiya ya fi mota mai ciwo, a ƙara haƙuri zuwa baɗi.

Wace Iri Ta Dace Da Ƙasarmu?

Hanya mafi sauƙi ta sanin wannan ita ce mutum ya je tashar mota ya ga irin waɗanda direbobin haya su ke yawan ja, ya kuma tambayi bakanikan garinsu wace iri ce kayan gyaranta ke samuwa kusa. Irin su Toyota Corolla, da Golf, da Peugeot 406, da Honda Accord, kusan kowane gareji an san cikinsu. Motar da sai an aika Ikko neman ƙarfenta, ranar da ta tsaya a Diggi ko Dalijan za ta yi mako a nan.

A kuma dubi hanya. Ƙauyukanmu da yawa sai an ratsa rairayi da rani, da damina kuwa laka da kwazazzabo. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa ba za ta jure ba. Zafin bazara a nan ya kan haura digiri 40, saboda haka lagireto da fanka su zama lafiyayyu ƙwarai. Mai giyar hannu ta fi sauƙin gyara, ana kuma iya tura ta ta tashi in batir ya mutu. Otomatik ta fi daɗin tuƙi, amma in giyabos ɗinta ya lalace, kuɗinsa ya kan karya mutum.

Takardu Kafin Inji

Jama'a, a nan ne mutane suka fi asara. Injin da ya lalace ana gyara shi. Motar da Hukuma ta kama kuwa ta tafi ɗungum.

Ƙasarmu tana maƙwabtaka da Nijar ta wajen Kamba, da Benin ta wajen Bagudo. Ranar 1 ga Janairu 2017 Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ratso daji da su ba, suna haɗa musu takardun jabu. Abin ya yi yawa har a 2024 Hukumar Kwastan ta ba da wa'adin kwana 90 domin masu irin waɗannan motoci su zo su biya kuɗin fito. Duk motar da ba a biya mata fito ba, ko ta bi hannun mutum biyar, in an kama ta wanda ta ke hannunsa shi zai yi asara. Domin haka a ɗauki takardar kwastan ta motar a kai ofishin Hukumar da ke Birnin Kebbi a tabbatar da ita kafin a biya ko kwabo.

Bayan wannan a nemi takardar shaidar mallaka, da lasin mota, da takardar lafiyar mota, da ta inshora. A gwada lambar shasi da ke jikin takardu da wadda ke jikin mota. Lambar nan haruffa da alƙaluma 17 ce, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta wajen direba, da jikin ƙofa, da kuma kan ƙarfen motar. Duk su zo daidai. In an ga alamar goga, ko walda, ko sabon fenti a wurin, sai a bar cinikin, domin ta yiwu ta sata ce, doka kuwa ta tanadi hukunci ga mai sayen kayan sata. In sunan da ke takarda dabam ya ke da na mai sayarwa, lalle ya nuna yadda motar ta zo hannunsa.

Akwai kuma motocin da aka ƙera su da sitiyari a dama, aka mai da shi hagu a gareji. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, motar da ta dace da hanyarmu ita ce wadda aka ƙera da sitiyari a hagu. Wadda aka juya kuwa, aikin walda ne ke riƙe da ranka. Bakanike ya kan gane ta daga wurin da mabuɗin bonet ya ke, da yadda magogin gilashi ya kwanta.

Yadda A Ke Duba Mota

Hausawa sun hana cinikin biri a sama. Hoton da aka turo maka ta waya ba ya nuna hayaƙi, ba ya ƙara. Ka je da kanka, da rana, tare da bakanikenka wanda kai za ka biya shi. Wanda dillali ya kawo, dillali zai yi wa aiki.

Na ɗaya, a je da sassafe, inji yana sanyi, a tashe shi a gabanka. Shuɗin hayaƙi alamar inji yana ƙona baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai ɗauke ba alamar ruwa yana shiga inji ne. Baƙi kuwa shan fetur ne fiye da kima.

Na biyu, kafin a tashe ta a buɗe murfin baƙin mai. In an ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai, gasket ya ƙone. Lagireto ma a duba shi tun yana sanyi, kada a buɗe shi da zafi.

Na uku, in an murɗa makulli, fitilun gargaɗi na gaban direba duk su kama, sa'an nan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba ko kusa, ta yiwu cire ta aka yi domin ɓoye ciwo. In da hali a jona na'urar kwamfuta ta binciko.

Na huɗu, a ɗaga kafet, a leƙa ƙarƙashin kujeru da mazaunin safaya. Busasshiyar laka, da tsatsa, da warin rima, alamar motar ta nutse a ruwa ne. Guguwar Harvey kaɗai ta nutsad da dubban ɗaruruwan motoci a Amurka a 2017, irin waɗannan kuwa a kan yi gwanjonsu a fitar ƙasashen waje. Mu ma nan mun ga ambaliyar 2020. Motar da ta sha ruwa, wayoyinta ba su ƙara zama lafiya.

Na biyar, a bi jikinta da maganaɗisu. Inda ya ƙi kama ƙarfe, an cike wurin ne bayan haɗari. A leƙa ƙarƙashi kuma a ga ko shasi ya tanƙware, a ga ko an sare tukunyar tace hayaƙi ta jikin salansa, wadda bakanikai ke ce wa indomi.

Na shida, kada a dogara ga agogon tafiya, domin ana mai da shi baya. Ƙafar birki da sitiyari da kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya. Motocin Amurka da mil su ke ƙirga, mil 100,000 kuwa kilomita 160,000 ne.

Na bakwai, taya. A gefenta akwai alƙaluma huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin kada a hau tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, kwaltarmu da bazara kuwa ba ta ragawa tsohuwar taya.

Daga nan sai a hau ta. A bi kwalta kamar daga Kalgo zuwa Jega, a sa dukan giyoyi, a taka birki, a dubi allurar zafi, sa'an nan a sauka a gwada ta a hanyar burji. Mai motar da ya ƙi a gwada, ya riga ya ba ka amsa.

Ranar Biyan Kuɗi

A yanke la'adar dillali tun kafin ciniki, kowa ya sani. Kada a firgita da cewa ga wani can zai biya yau, gama motoci ba su ƙarewa a kasuwa, sauri kuwa ya kan haifi nawa. Duk aibin da bakanike ya gano, a ƙiyasta kuɗin gyaransa a rage daga farashi.

In an daidaita, a rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa, da na mai saye, da lambar shasi, da lambar inji, da kuɗi, da kwanan wata. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali har da mai unguwa. A riƙe kwafin katin shaidar mai sayarwa. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunansa, domin shaida ta tabbata, a kuma huta da yawo da kuɗi a hanya. Bayan haka a hanzarta zuwa ofishin lasin mota na Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jiha a mai da takardu sunanka. Inshorar da doka ta wajabta, watau wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, an ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida a Janairu 2023. A yi ta wurin kamfani mai rajista, gama ta bakin titi takarda ce kurum.

To, jama'a, wanda ya ware kashi ɗaya cikin biyar, ya zaɓi motar da bakaniken garinsu ya sani, ya tabbatar da takardu, ya gwada ta da idonsa, ya yi abin da ke wuyansa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa wannan takarda, musamman mutanen ƙauye lokacin kaka, sa'ad da kuɗin shinkafa ke hannu, dillalai kuma suna zagayawa. Allah ya sa albarka cikin dukiyarku, ya kiyaye mu a hanya.