Jarin da Ba Ya Shiga Asusu: Gadon Gida da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasanmu

Iyaye maza da mata, shugabannin kasuwa, fatake da dillalai, masu kai da kawo tsakanin Jibiya da Maraɗi, Illela da Ƙonni, Maigatari da Damagaram, Allah ya yi wa nema albarka.

Babu wanda zai koya wa ɗan kasuwa ma'anar jari. Sai dai akwai wani jari da ba ya shiga asusu, wanda kowane gida yake miƙa wa 'ya'yansa. Wani masanin zamantakewa ɗan ƙasar Faransa, Piyer Burdiyo, wanda ya rasu a 2002, shi ya raɗa masa suna jarin al'ada, bayan ya bincika dalilin da ya sa 'ya'yan masu ilimi suke yi wa 'ya'yan talakawa fintinkau a makarantun ƙasarsu. Ya kasa shi kashi uku: abin da ya zauna a jikin mutum, kamar iya magana da ladabi da gwaninta, kayan da ke cikin gida, kamar littattafai da allo da kayan sana'a, sai kuma takardar shaidar karatu.

In muka auna da wannan mudu, gidajenmu ba matalauta ba ne. Yaron da ya tashi a rumfa ya san ciniki, ya san lissafin naira da sefa da ka, ya iya gaisuwa, ya san wanda za a ba bashi. Yarinyar da ta koyi ƙuli-ƙuli ko saƙa wajen kakarta ta riƙe abin da zai rufa mata asiri. Irin wannan gado yana sa matashi ya san ko shi wane ne, ya san yana da amfani, ya kuma san inda zai kai kukansa ranar da duniya ta yi masa zafi. Waɗannan abubuwa uku su ne ginshiƙan kwanciyar hankali. Ko wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, hanya ce ta sauke ɓacin rai ba tare da faɗa ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan wasa na Nijar cikin gadon ɗan Adam da ya cancanci kiyayewa.

To, ina matsalar take? Kun san kuɗi ba ya ciniki sai a kasuwar da ake karɓarsa, shi ya sa ake neman ɗan canji. Haka jarin al'ada yake. Almajirin da ya haddace Alƙur'ani, ya iya ajami, in ya je ofis sai a ce masa bai yi karatu ba. Wanda ya yi boko da Faransanci a Maraɗi, in ya ƙetara Katsina sai takardarsa ta rage daraja. Wani ya gama jami'a, aiki bai samu ba, kuma yana jin kunyar zama a rumfar mahaifinsa. Matashin da kullum ake nuna masa cewa abin da ya sani ba kuɗi ba ne, a hankali sai ya yarda shi kansa ba kowa ba ne. Daga nan damuwa take samun ƙofa. Da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a 2023, 'yan dako da 'yan kamasho da yaran mota sun yi asarar abinci, sun kuma yi asarar wurin da ake sanin darajarsu.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin a wuce shekara 14. Binciken shan ƙwaya da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Sau da yawa yaron da ya kama tiramol ba daɗi yake nema ba. Ƙarfin aiki yake nema, ko abin da zai kashe masa tunani.

Dole mu faɗi gaskiya: cikin gadon namu akwai abin da yake rufe bakin yara. Kunya ado ce, haƙuri kuma ibada ne, amma in yaro ya ce zuciyarsa ta yi nauyi aka ce masa namiji ba ya kuka, ba zai ƙara faɗa ba. In yarinya ta daina cin abinci aka ce iskoki ne kawai, sai ciwo ya yi nisa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda ba ta hana shan maganin zazzaɓi.

Ga abin da muke roƙo. Na farko, ku koya wa 'ya'yanku sana'ar gida, ku yaba musu a gaban mutane, ku damƙa musu amana daidai ƙarfinsu. Na biyu, ku zama 'yan canji: ɗan allo a sa shi ya koyi boko da lissafi, ɗan boko a kawo shi rumfa ya rubuta bashi, ya tallata kaya ta waya, domin kowane jari ya samu kasuwa. Na uku, in kunya ta hana uba hira da ɗansa, a nemi kawu ko gwaggo ko kaka. Al'ada ta riga ta tanadi wannan hanya.

Ku lura da alamu. In matashi ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya ƙaurace masa, ya janye daga abokai, ya bar sana'ar da yake so, ko yana yawan firgita da fushi, ku kai shi cibiyar lafiya mafi kusa. In ya ambaci mutuwa ko kashe kansa, kada ku ɗauka wasa ne, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku ɗauke fiya-fiya da maganin ɓera da igiya, ku kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware ta jihar Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Kaduna. A Nijar ma ma'aikatan lafiya za su nuna muku inda ake duba irin wannan ciwo. Kada a ɗaure marar lafiya da mari, kada a doke shi. A Janairun 2023 Najeriya ta kafa sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare mutuncin masu wannan larura. Ciwo ne da yake jin magani, kuma da yawa suna warkewa su koma kasuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau in kun tashi daga kasuwa, ku zauna da yaranku, ku tambaye su yadda suke kwana, ku saurara har su kai aya. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi.