A FARA DA RUFI, FENTI YA JIRA: JAWABI KAN GYARAN ƊAKIN TARONMU NA KURUDU

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin gyara, ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini, ya gabatar a babban taron al'umma da aka yi a harabar ɗakin taron. Mun buga shi yadda ya fito daga bakinsa, in ban da ɗan gyaran da ba a rasa ba.)



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, wakilin masu gari da ya amsa gayyatarmu, iyayenmu mata da ke zaune can gefen inuwa, shugabannin ƙungiyoyin matasa, jama'a baki ɗaya, barkanku da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Ni dai kowa ya san ba ɗan boko ba ne. Karatuna na allo ne da Islamiyya, sauran kuma a kasuwa na tsince shi. Kwamiti ya ce in yi magana ne don na daɗe ina cikin kwano da siminti da ƙusa. To, in na yi tuntuɓen harshe a yafe mini.

Jama'a, yau a waje muke zaune, a ƙarƙashin rumfar haya, alhali ga ɗakinmu nan a bayanmu. Mu da muke da ɗaki, mu ne muke biyan kuɗin rumfa! Wanda bai leƙa ciki ba, in an tashi ya leƙa. Silin ya yi ciki ya rufto ta kusurwar gabas. Gara ta cinye katakon rufi, har in ka danna da yatsa sai ya nutse. Gindin bango ya sha ruwa ya yi kore. Tagogi babu gilas, kujerun roba kuwa waɗanda ke da ƙafa huɗu ana iya ƙirga su ba a gaji ba. Bayan gida ba zan ma yi maganarsa ba a gaban manya.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, mu dattawa ba mu ne masu ɗakin nan ba, don sau nawa muke shiga a shekara? In an yi ɗaurin aure, ko an yi baƙo. Masu ɗakin su ne yaranmu. A nan 'yan ƙwallo ke taronsu, a nan 'yan wasan kwaikwayo ke gwaji, a nan 'yan agaji ke karɓar horo. 'Yan mata masu koyon ɗinki a nan suka ajiye kekunansu, sai da damina ta sa tsatsa ta kama biyu suka kwashe sauran. Akwai kuma wasu samari da suka gama jami'a, suna koya wa ƙannensu kwamfuta kyauta, domin tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai taɓa riƙe ta ba kuwa ko ya san amsa sai hannunsa ya yi rawa. Su ma sun daina, don babu mai kawo na'urarsa inda ruwa ke zuba. Yanzu ina yaran nan suke zama bayan magariba? Ku zagaya gidajen kallon ƙwallo da bayan kangaye ku gani. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma masu sayar da ƙwaya ba su yi ritaya ba, suna nan suna jiran yaron da ba shi da wurin zuwa.

Bari in koma baya kaɗan saboda yara. Na zo Abuja ina saurayi, jim kaɗan bayan gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991. Na zauna Nyanya, na zauna Karu, haya tana korata gaba har na iso nan. Kurudu a lokacin ƙauye ne na 'yan'uwanmu Gbagyi, gonakin doya da dawa ta ko'ina, motar Karshi in ta wuce ka sai ka yi ta jira. Su suka karɓe mu, suka nuna mana inda za mu kafa. Daga baya aka yi rusau a Idu-Karmo da Chika da sauran wurare tsakanin 2003 da 2007, aka kuma hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, sai jama'a suka kwararo ta wannan hanya, Jikwoyi, Kurudu, Orozo, har aka rasa inda wani gari ya ƙare wani ya fara. A cikin wannan cikowar aka ga ya kamata mu sami wurin zama namu. Ba gwamnati ta gina ɗakin nan ba. Karo-karo aka yi. Mahauta suka kawo nasu, masu shayi, 'yan ga-ruwa, masu facin taya, direbobi. Iyayenmu mata suka fasa adashi. Bulo a kai aka ɗauko shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka kwaɓa simintin nan yau suna ƙasa, Allah Ya jiƙansu da rahama.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwanon da ke bisa ɗakin nan ni na bayar da shi. An yi ta sa mini albarka, an kira sunana a lasifika. Amma ni na san abin da na bayar: marar kauri ne, irin wanda in ka taka sai ya lotse, na ɗauko shi ne don ya yi auki, a ce wane ya rufe ɗaki shi kaɗai. Katakon kuma ba mu shafa masa maganin gara ba, ko baƙin mai ba mu sa ba, don ana sauri a yi bikin buɗewa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya tashi ya ɗora wa yara laifi su kaɗai. Ɓarnar daga sama ta faro, sama kuwa aikinmu ne. Ina neman gafarar Allah da taku.

Laifi na biyu kuma na mu duka ne. An taɓa gyara ɗakin nan sau ɗaya, lokacin da aka ce wani babban baƙo zai zo neman ƙuri'a. Me aka yi? Aka sayo fenti aka shafe bango ciki da waje, aka rataya labule a inda ya tsage. Baƙo ya zo ya yi alkawari, aka yi tafi, ya shiga mota. Damina ɗaya fentin ya ɓamɓare, domin bangon da ya sha ruwa ba ya riƙe fenti, ko a tambayi kowane birkila. Sannan da aka kulle Abuja saboda korona a ƙarshen Maris na 2020, aka sa wa ɗakin kwaɗo, ruwa ya sauka, aka yi watanni babu wanda ya buɗe ko taga. Gara ta samu abin da take so: duhu, laima, da rashin mai motsi.

Saboda haka shawarar kwamiti ita ce a bi aiki daki-daki, kuma kada a tsallake. Kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, a duba takarda. Na san wannan maganar ba ta yi wa wasu daɗi, amma gara a ji ta daga bakina. Tun da marigayi Janar Murtala ya ayyana Abuja a 1976, doka ta mayar da ƙasar wannan yanki duka hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Ministan Abuja ne ke da ikon ba da fili. Takardar da muka rubuta da masu gari tana da daraja a tsakaninmu, amana ce, kuma ba za mu taɓa raina ta ba. Amma ranar da aka zo da jan fenti aka yi wa bango alama, ba ita za a tambaya ba. Waɗanda suka baro Karmo suna cikinmu, su ba da labari. Don haka muna so a wakilta mutum uku, har da ɗaya daga cikin yaranmu da suka karanta shari'a, su je ofishin AGIS da na ƙaramar hukumar AMAC su gano matsayin filin nan. Har ila yau a yi wa al'umma rajistar amintattu a hukumar CAC, domin duk abin da za a rubuta ya fito da sunan jama'a. Yanzu haka takardar da ke akwai sunan mutum ɗaya ne a kai, dattijon kirki ne, amma rai ba a bakin komai yake ba, magada kuma ba su san yadda aka yi ba. Malamanmu suna nan, sun koya mana babin wakafi: abin da aka tsayar don amfanin jama'a ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa. Haka Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. A rubuta namu haka, a sa shaidu.

Bayan takarda sai rufi. A sauke tsohon kwano da katakon duka, kada a ce za a yi faci. A sayo katako busasshe a jiƙa shi da magani kafin ya hau. A sa dogon kwano na alminiyam mai kauri, ko da zai sa mu jinkirta sauran aiki shekara guda. Wajen sauke silin kuma a yi hattara, domin irin na da ne na asbestos, ƙurarsa tana illa ga huhu. A yayyafa masa ruwa, a cire shi ba tare da farfasawa ba, kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa. Daga nan a haƙa kwata a zagaye ginin, ruwan da ke gangarowa daga tudu ya sami hanya. Sai bayan gida, na maza daban na mata daban, don rashinsa ne ya fara korar 'yan mata tun kafin yoyo. Wuta kuma, tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa 1,000. Janareta ya fi ƙarfin yara. Sola ƙarama mai ɗaukar fitilu da fanka da kwamfutoci kaɗan ta fi mana. Fenti shi ne na ƙarshe, in an samu.

Lokaci ba ya jira. Ruwan Abuja daga Afrilu yake kankama, kuma farashi ba ya zama wuri ɗaya. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023, a farkon 2024 ya haura 10,000. Duk kuɗin da aka tara aka ajiye, kullum raguwa yake yi ko ba a taɓa shi ba. Abin da ya shigo a mayar da shi kaya nan da nan. Kuma ina roƙo, kada a sayi ko ƙusa a shagona. A tura mutum biyu Dei-Dei, biyu Kugbo, su taya, su kawo farashi a rubuce, a saya inda ya fi. Ba fushi nake yi ba. So nake gobe in na tambayi ma'aji rasit, kada ya ce to kai fa?

Yanzu ga maganar da ta raba mu a kwamiti, har aka ɗaga murya: wa zai riƙe mabuɗi? Wasu iyayenmu sun ce a bar shi a hannun dattawa, yara ɓarna gare su. Ina girmama su, amma ban yarda ba. Shekarun nan duka mabuɗi a hannunmu yake, ga kuma abin da aka samu. Yaro ya zo neman mabuɗi a ce Alhaji ya tafi kasuwa, Alhaji ya tafi gida ganin gona, har yaro ya gaji ya ɓalle taga. Na ga wannan a kasuwa: yaron shagon da ba ka taɓa bar wa aljihun tebur ba, ba ya jin zafin asara. Ranar da ka ce ga jari, riba mu raba, ranar zai fara kashe fitila da kansa. A ba ƙungiyoyin matasa mabuɗi, su riƙa karɓa wata-wata. A ajiye littafi a bakin ƙofa, wanda ya karɓa ya ƙirga kujeru ya sa hannu, wanda ya miƙa ya ƙirga ya sa hannu. Abin da ya ɓace a watanka, ƙungiyarka ta biya. Dattawa uku su riƙa zagayawa duk ƙarshen wata, su ɗaga kai su dubi sama.

Kuɗin riƙo kuma ɗakin ne zai nemo abinsa. Mai biki, mai suna, mai walima, ya biya haya, ko ɗan wane ne. Ni in zan aurar da 'ya, a fara da ni. Karatu da koyon sana'a kyauta. Kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ya shigo a kulle shi a banki don rufi da kwata kaɗai, ba a ranta, ba a yin gaisuwar mutuwa da shi, sai da sa hannun mutum uku. Ɗan kasuwar da ke cin uwar kuɗi kun san ƙarshensa. 'Yan'uwanmu na Sabo a Ibadan tun 1916 suke zaune a wurinsu, jikoki da tattaɓa-kunne. Ba don sun fi mu kuɗi ba ne, tsari suka yi suka riƙe.

Ina kuma ba da shawara a buɗe ƙofa ga yaran maƙwabta, Gbagyi da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista, a ajin kwamfuta da na ɗinki. Ƙwallo ma ai tare suke bugawa. Bisa ƙasar kakanninsu muka yi ginin, kuma yaran da suka zauna benci ɗaya da wuya wani ya zuga su su ɗauki sanda a kan juna.

Ku kuma 'ya'yana, na tsaya muku a gaban iyayenku, kada ku ba ni kunya. Ba a shan komai a ɗakin nan. Ba a kwana. Ba a mayar da shi ofishin jam'iyya, kowace ce. Ƙarfe goma na dare a rufe. In kun ga ɗigo ɗaya, ku faɗa a ranar, kada ku sa bokiti ku yi shiru.

Ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba akwai aikin gayya, za a fara da kwashe shara da haƙar kwata. Mai shebur ya zo da shi, mai diga, mai baro. Mahauta sun yi alkawarin abin taɓawa, iyayenmu mata sun ce koko yana wuyansu. Wanda yake da wata tsohuwar takarda ko rasit na ginin farko a gidansa, don Allah ya kai wa sakatare kafin Juma'a. Ma'aji yana can bakin ƙofa da littafi. Wanda zai yi alkawari ya faɗi abin da zai iya kawowa cikin watan nan kawai. Nawa alkawarin shi ne kuɗin rabin kwanon, a hannu, kafin a tashi.