Daga Girinlan zuwa Arlit: wanda ya auna dutse, da wanda ke zaune bisansa

 

Yau zan ɗauke ku daga zafin Sahel zuwa Girinlan, tsibirin da ya fi kowane girma a duniya, can ƙuryar arewa. Faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita miliyan 2, ƙanƙara ta rufe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasarsa, mutanensa kuwa, akasarinsu Inuwit, ba su kai dubu 60 ba. Wani zai ce mene ne haɗin Bamaraɗe ko Badamagare da ƙasar ƙanƙara? Ku yi haƙuri, amsar tana tafe.

A 1806 wani Bajamushe masanin duwatsu, Karl Ludwig Giesecke, ya sauka a tsibirin, wanda ke ƙarƙashin sarautar Danmak. Yaƙi tsakanin Ingila da Danmak ya tsare shi can har 1813. Shi ne ya bayyana wa Turai inda wani farin dutse mai suna kiriyolit yake, a Ivittuut, dutsen da mutanen wurin suka sani tun kafin zuwansa. An fara haƙarsa a shekarun 1850. Da aka gano a 1886 cewa da shi ake narkar da alminiyom, sai darajarsa ta hau. A yaƙin duniya na biyu, bayan Jamus ta mamaye Danmak a 1940, Amurka ce ta ɗauki tsaron mahaƙar, domin da alminiyom ake ƙera jiragen sama na yaƙi. An rufe ramin a 1987, kuma har yau ƴan Girinlan da Danmak suna gardama a kan wanda ya ci ribar.

Ga labari na biyu. A arewa maso yammacin tsibirin akwai manyan duwatsun ƙarfe da suka faɗo daga sama, waɗanda Inuwit suka daɗe suna ɓantara domin yin wuƙaƙe da kan masu. A 1894 wani ɗan ƙasar ya nuna wa Ba'amurke Robert Peary wurin. Kafin ƙarshen 1897 Peary ya kwashe uku, babbansu yana da nauyin tan 31, kuma daga baya aka sayar da su ga wani gidan tarihi na birnin Niyok a kan dala dubu 40. Suna can har yanzu. 

A ƙarni na 20 binciken ya zama aikin hukuma. Ayarin Lauge Koch, masanin ƙasa ɗan Danmak, ya auna gabashin tsibirin da jiragen ruwa da na sama, kuma a 1948 aka gano dalma a Mestersvig, inda aka buɗe mahaƙa a 1956. A yamma, garin Qullissat ya rayu da haƙar kwal tun 1924. A 1972 aka ce babu riba, aka rufe mahaƙar tare da garin, aka watsa mazaunansa cikin wasu garuruwa. Mahaƙar dalma da tutiya ta Maarmorilik kuma, wadda ta yi aiki daga 1973 zuwa 1990, ta bar guba cikin ruwan tekun da ke kusa da ita.

Yanzu ga inda hanyarmu ta haɗu da tasu. A tsakiyar shekarun 1950 aka gano uraniyom a tsaunin Kuannersuit, kusa da garin Narsaq, kuma a 1957 shahararren masanin nan Niels Bohr ya ziyarci garin. A wannan shekara ta 1957 ne masu binciken Faransa suka gano uraniyom a Azelik, cikin jihar Agadas. A Nijar aka kafa Somair a 1968, Cominak a 1974, aka haƙa. A Girinlan dutsen ya tsaya a wurinsa, musamman bayan Danmak ta yanke a 1985 cewa ba za ta gina tashar nukiliya ba.

Cikin wannan tsakani ƴan Girinlan suka sami mulkin cikin gida a 1979, suka faɗaɗa shi a 2009, suka karɓi ikon ma'adinansu a 2010. Sai ga shekarar 2021. A ƙarshen Maris Cominak ta rufe bayan fiye da shekara 40 tana aiki. Mako ɗaya bayan haka ƴan Girinlan suka yi zaɓe, batun tsaunin Kuannersuit shi ne kan gaba, kuma jam'iyyar da ke adawa da haƙar ta yi nasara. A Nuwamba majalisarsu ta kafa dokar hana haƙar uraniyom. Abin bai zo a sauƙaƙe ba, domin kamfanin Ostareliya mai lasisin wurin ya kai ƙara, yana neman diyyar da ta zarce dala biliyan 11.

Ban zo in ce muku a bar arziki a ƙasa ana fama da yunwa ba. Ko a Girinlan ɗin akwai masu son a haƙa, domin suna ganin da kuɗin ma'adinai ne za su daina dogaro ga tallafin Danmak. Abin da nake cewa shi ne, sun yi tambayar tun dutse yana wurinsa, kuma talaka ne ya amsa da ƙuri'arsa. Duk lasisin binciken da aka sa wa hannu a Yamai, kamata ya yi a karanta shi a majalisa, a fassara shi da Hausa, Zabarmanci da Tamajak, a ji ta bakin mai rijiya da mai garke kafin injin farko ya iso. Tun ran gini, ran zane.

 Ina jiran tambayoyinku.