Kafin a ɗaure giyar otomatik, ku tsaya ku gani

Jama'a masu saurare, musamman ku masu jigilar awaki da hatsi tsakanin Jibiya da Maraɗi: in kun sayo giyar otomatik 'yar Kwatano, kada ku bar gareji lokacin haɗa ta da inji. Bakanike ya fara zura kwanbata, wato tulun man nan, cikin giyar, yana juyawa yana turawa har ta faɗa ciki sau biyu ko uku. Sannan giya ta hau fil biyu na jikin inji, baki da baki, ba tilas. In an ga rata, to, a sauke a sake! Wanda ya jawo ta da noti, famfon mai zai fasa: inji ya tashi, mota ta ƙi motsi, ga kasuwa tana ci. Allah ya kiyaye hanya.